Duwatsun Sun Ƙare Min a Huɗu da Uku

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Zariya, shekarata 33, 'ya'yana uku. A aji huɗu na firamare karatuna ya tsaya. Ina 'yar sana'a a cikin gida, ina sayar da omo, magi, suga, man gyaɗa da taliya, kuma alhamdulillahi ba a taɓa cuta ta a canji ba. Bana makarantar su babban ɗana mai shekara bakwai ta shigo da darasin abakus, wannan katakon lissafin mai duwatsu kamar na carbi. Ranar nan ya kawo aikin gida ya ce, "Umma ki nuna min," na rasa ta cewa, sai na ce masa aiki nake. Abin ya tsaya min a rai. Na aika aka sayo min nawa a kasuwa, mai duwatsu kala-kala goma-goma a kowane layi, sai na ga bai yi kama da nasa ba. Yanzu idan ya yi barci nakan ɗauko nasa in kunna bidiyo a waya. Ɗaya da ɗaya, biyu da biyu, duk na iya. Da na zo huɗu a tara da uku sai duwatsun suka ƙare min. Mai bidiyon Turanci yake yi, hannunsa kuma kamar walƙiya. Maigidana ya shigo ya tarar da ni a haka, ya yi dariya ya ce tsofai-tsofai da ni ina wasan yara. Anti, na makara ne? Ko in haƙura in nemo masa mai lesin, duk da kuɗin zai yi mana nauyi?

Maman Abba, Zariya

Wa alaikumus salam, Maman Abba.

Akwai magana ɗaya a wasiƙarki da kika faɗa a kan hanya kika wuce, ni kuwa a kanta na tsaya: ba a taɓa cutar ki a canji ba. To ƙanwata, abin da ya tare ki a huɗu da uku canji ne, ba wani abu ba. Kin fi shekara nawa kina yin sa a ƙofar ɗakinki da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da ludayi. Mai bidiyon ne bai gaya miki da harshen da za ki gane ba. Za mu zo kansa, amma bari mu fara raba miki katakon nan biyu da suka rikita ki.

Wanda aka sayo miki, mai duwatsu goma a layi, na koyon ƙirge ne. Ki ba ƙannen Abba, zai amfane su, kuɗinki bai faɗi ƙasa banza ba. Na Abba, tunda duwatsunsa a huɗu suke ƙarewa, irin na mutanen Japan ne, sunansa soroban. Kowane tsinke a jikinsa yana da dutse ɗaya a sama da huɗu a ƙasa, da wani shinge da ya gitta tsakaninsu. Daga Sin Japanawa suka samo shi. Na Sinawa yana da duwatsu biyu a sama, biyar a ƙasa, su kuma suka yi ta rage masa har ya tsaya a ɗaya da huɗu, domin da waɗannan biyar ɗin ana iya nuna kowace lamba daga sifili zuwa tara, ragowar kaya ne kawai. Idan kina neman bidiyo, ki tabbata mai ɗaya da huɗu ne a hannun mai koyarwar, in ba haka ba ki wuce.

Ki kwantar da shi a kan tire ko faranti mai faɗi, kada ki riƙe shi a tsaye. Doka ɗaya ce take tafiyar da shi gaba ɗaya: dutsen da ya jingina da shinge shi ne a lissafi, wanda ya yi nesa da shinge ba ya nan. Kafin ki fara komai ki ɗan ɗaga kansa duwatsu su gangaro ƙasa, ki kwantar, sannan ki ja yatsa a saman shingen daga hagu zuwa dama ki kore na saman su koma sama. Yanzu babu mai taɓa shinge, sifili ke nan. Ki zaɓi tsinke ɗaya, wanda yake da ɗan ɗigo a kan shingen, ki ce nan ne gidan ɗaiɗai. Na hagunsa gidan goma-goma, na gaba da shi gidan ɗari-ɗari. Kowane dutsen ƙasa ɗaya ne, na sama biyar. Uku: ki tura uku na ƙasa su hau. Shida: na sama ya sauko, ɗaya na ƙasa ya hau. Tara: duka biyar ɗin sun haɗu a shinge.

Yanzu ki manta da duwatsu, ki tuna gwangwanin da kike ajiye ciniki. A ce ba ya ɗaukar komai sai 'yan ɗari-ɗari guda huɗu da 'yar ɗari biyar guda ɗaya. Akwai ₦400 a ciki. Yarinya ta zo ta sayi sugan ₦300, ta miƙo miki 'yar ɗari biyar. Me kike yi? Ki karɓa, ki zaro ₦200 ki ba ta. Ki leƙa gwangwani: 'yar ɗari biyar ɗaya da 'yan ɗari biyu, ₦700. Huɗu da uku ke nan, Maman Abba. Ki sauko da dutsen sama, ki janye biyu daga na ƙasa, abin da ya rage a shinge bakwai ne. Duwatsun ba su ƙare ba. Babbar takarda aka kawo miki, sai ki ba da canji.

Canjin biyar kuwa bai fi yatsun hannu ba. In ɗaya za ki ƙara kuma babu wuri, ki saukar da biyar ki mayar da huɗu. In biyu ne ki mayar da uku, in uku ne ki mayar da biyu, in huɗu ne ki mayar da ɗaya. Malaman abakus suna ce musu ƙananan abokai, wataƙila ki ji Abba yana faɗar haka da Turanci. Ke ki ce canjin biyar, duk ɗaya ne.

Idan shi ma dutsen saman ya riga ya sauko, tsinken ya cika, sai a koma ga 'yar dubu. Kina da ₦800, an sayi kayan ₦700, an ba ki dubu. Ki fitar da ₦300 canji, 'yar dubun kuma ki jefa ta a gwangwanin da ke hagu, don ba ajinsu ɗaya ba. A katako: takwas tana nan, biyar a sama, uku a ƙasa. Ki janye ukun nan, ki tura dutse ɗaya a tsinken hagu. Karanta: ɗaya a hagu, biyar a dama, sha biyar. Canjin goma su ne ɗaya da tara, biyu da takwas, uku da bakwai, huɗu da shida, biyar da biyar. Na san kin san su, ba sai na ce ki haddace ba.

Ni abin da ke burge ni ma shi ne harshenmu ya riga ya yi mana wannan aikin. Dattijo ba ya wahalar da kansa da sha tara, sai ya ce ashirin ba ɗaya. Casa'in da tara kuwa ɗari ba ɗaya. Wato tun fil azal Bahaushe ya san cewa hanya mafi sauƙi ta kama tara ita ce a kama goma a saki ɗaya. Duk lokacin da za ki ƙara tara a katakon nan kuma babu wuri a tsinken, ki faɗa a bakinki, "goma ba ɗaya." Takwas, "goma ba biyu." Bakwai, "goma ba uku." Bakinki zai gaya wa yatsunki abin yi. Na gwada wannan da 'yan aji uku lokacin ina koyarwa, suka riƙa rera shi kamar waƙa har sai da na gaji da ji.

Ɗebewa ita ce hanyar nan dai, a dawowa. Yanzu ke ce mai saye. Kina da bakwai, biyar da biyu, za a cire uku, ƙananan da ke hannunki ba su kai ba. Sai ki miƙa babbar a ba ki canji: ki tura biyu su hau, ki kore biyar ɗin ta koma sama. Saura huɗu. Sha biyar a ɗebe bakwai: a gidan ɗaiɗai babu bakwai, don haka ki janye goman da ke hagu, ki karɓi canjin uku a dama. Biyar da uku, takwas. Sha biyu a ɗebe takwas: janye goma, tura biyu, huɗu. Ki lura da jerin: a tarawa canji ne yake fara fita sannan goma ta shiga hagu, a ɗebewa goma ce take fara fita sannan canji ya shigo. Haka Japanawa suke koyarwa. Amma in kika ga malamin su Abba ya juya jerin, ki bi nasa, amsar ba za ta canza ba, kuma yaro mai shekara bakwai bai kamata ya ji gida da makaranta suna ja-in-ja a kan yatsunsa ba.

Akwai wani wuri guda da zai sake tare ki, gara in faɗa miki tun yanzu kada ki ce kanki ne ya toshe. Shida da bakwai. Kin ce "goma ba uku," kin duba ƙasa ki cire uku, sai kika tarar dutse ɗaya ne kawai. Canjin ma yana neman canji, kamar ranar da za ki ba da ₦300 amma 'yar ɗari biyar ce a hannunki. Sai ki fasa ta: ki tura biyu su hau, ki kore biyar, sannan ki ɗora goma a hagu. Sha uku. Kowa a nan yake tuntuɓe, yaro da babba. Kada ki kusance shi sai canjin biyar da canjin goma sun zauna miki daban-daban.

Sai maganar yatsu, kuma a nan zan ɗan tsananta, domin ni ta ci ni. Na haura arba'in lokacin da makarantar da nake koyarwa ta ce za a fara wannan darasi, aka tara mu horon kwana biyu, mai horon yana sauri kamar ana jiran sa a tasha. Na dawo gida na ci gaba da kaina, da yatsa ɗaya nake tsokanar duwatsun kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Amsa tana fita daidai, na ɗauka na iya. Sai da na yi wata uku a haka wata yarinya 'yar aji biyar ta ce, "Malama, ba haka ake riƙewa ba." Kwance abin da hannuna ya saba ya fi koyon farko wuya. Yatsu biyu ake amfani da su. Babban yatsa aikinsa ɗaya tak, tura duwatsun ƙasa su hau. Manuniya ita ke sauko da su, ita ce kuma mai kula da dutsen sama, hawa da sauka. Sauran yatsun ki lanƙwashe su, hannun hagu ya dafe katakon. Da haka huɗu da uku za ta zama shafa ɗaya: manuniya ta sauko da biyar, ta zarce ta kwashe biyu, duk a gangare ɗaya. Walƙiyar da kika gani a hannun mai bidiyo daga nan ta fara.

Abu na ƙarshe a kan aikin kansa, kuma zai yi miki daɗi: daga hagu ake farawa. A takarda ana koya wa yara su fara da ƙananan lambobi ta dama, amma a katako babba ake fara sakawa, yadda kike yi a ka. ₦270 da ₦180: ki saka 270, ki ƙara ɗari ɗaya ya zama 370. Saura tamanin a kan saba'in, "goma ba biyu," ki janye biyu daga bakwai, ki tura ɗaya a gidan ɗari. ₦450. Ba haka kike lissafa wa mai sayen taliya da mai ba?

Ga yadda zan so ki raba kwanakinki. Minti goma sha biyar a rana ya isa, bayan Asuba kafin gida ya tashi ko bayan Isha'i, kullum dai. Ya fi ki kwashe awa biyu ranar Lahadi ki ajiye sai wata Lahadin, saboda hannu ake koya wa, shi kuwa hannu maimaici yake so. Makon farko kada ki tara komai. Ki saka lamba ki karanta, ki goge, ki saka wata: shekarunki, kuɗin mudun suga, lambar gidanku. Ki yi ta yi har ki daina ƙirga duwatsu, ki kalli takwas ki gane ta kamar yadda kike gane 'yar ɗari biyu daga launinta. Mako na biyu tarawa da ɗebewar da ba sa neman canji. Na uku canjin biyar kaɗai, na huɗu canjin goma. In wani mako ya ƙi zama, ki ƙara masa wani, sannu ba ta hana zuwa. Bidiyon kuma ki ajiye shi tukuna. In kin koma masa, YouTube yana da wurin rage gudu a saitinsa, ki mayar da shi rabi, ki kashe muryar, ki kalli yatsun kawai.

Tambayarki ta ko kin makara. Wannan katako ba don yara aka ƙirƙire shi ba, kayan aikin 'yan kasuwa ne da ma'aikatan kuɗi, irinki. A watan Nuwamba na 1946 an yi wata gasa a Tokyo tsakanin wani ma'aikacin gwamnatin Japan mai suna Kiyoshi Matsuzaki, da sorobansa, da wani sojan Amurka, Thomas Wood, da injin lissafi mai aiki da lantarki. Aka tashi huɗu da ɗaya, mai katako ne da nasara, a ninkawa kaɗai injin ya ci. A 2013 hukumar UNESCO ta saka lissafin abakus na Sinawa a jerin al'adun da duniya ta gada. Makafi ma suna da nasu, wanda wani makaho Ba'amurke, Tim Cranmer, ya gyara ta hanyar shimfiɗa wani abu mai taushi a bayan duwatsun don kada su zame idan ana lalube. Wannan shi ne abin da maigidanki ya kira wasan yara.

Gaskiya ɗaya dai zan gaya miki. Akwai matakin da yaro yake ajiye katakon ya riƙa ganin sa a zuci, yatsunsa suna motsi a iska yana lissafi. A wannan Abba zai iya tsere miki, yara sun fi mu saurin kama shi. Ba ruwanki da wannan tseren. Abin da kike nema shi ne in ya ce "Umma ki nuna min" ki ce kawo mu gani, kuma wannan aikin wata ɗaya ne zuwa biyu.

Batun mai lesin, ni ban ga dalilinsa yanzu ba. Tarawa da ɗebewa ne a gabansa, ana koya masa a makaranta, abin da ya rage wanda zai zauna da shi ne ya maimaita. Kuma ki yi hattara da masu tallar cewa abakus yana buɗe ƙwaƙwalwa yaro ya zama gwani a kowane fanni. An yi wani bincike a Indiya da aka wallafa a 2016, aka bi yara wajen 200 har shekara uku, wasu suna koyon abakus, wasu suna ƙarin darasin lissafi na yau da kullum. Masu abakus sun fi a lissafi, amma ba a ga ya ƙara musu kaifin ƙwaƙwalwa a sauran abubuwa ba. Abu ne mai kyau a inda yake da kyau. Bai kai a taɓa jarin sana'a ko kuɗin cefane saboda shi ba. Kuɗin da za ki kashe ɗaya ne: ki sayi naki irin na Abba, ki tambayi malaminsu inda suke saro nasu. Ki daina jiran ya yi barci.

Kuma ki daina ɓoye masa. "Aiki nake" ɗin nan da kika ce, ya isa sau ɗaya. Yaro yana gane lokacin da ake kauce masa, sai dai bai san dalili ba, yana iya ɗauka aikinsa ne ba ki damu da shi ba. Gobe ki ce masa, "Abba, a zamaninmu ba a koya mana wannan ba, zo ka nuna min abin da malam ya yi muku yau." Za ki ga yadda zai gyara zama. Yaron da ya koyar da abu ya fi wanda aka koya wa riƙe shi, na ga wannan a aji ba sau ɗaya ba. Wani lokaci ki yi kuskure da gangan ki bar shi ya kama ki. Ranar da ya ɓata kuma kada ki ƙwace katakon ki gyara masa, balle tsawa. Ki ce, "Nawa aka ba ka? Nawa ne canjin?" In kina ciniki da yamma ki zaunar da shi gefenki da katakonsa, duk wanda ya saya ya saka, in an tashi ku gwada nasa da abin da ke gwangwani.

Maigida kuwa, ban ji mugunta a maganarsa ba, irin tsokanar mazan nan ce da ba sa auna inda za ta sauka. Kada ki mayar da ita gaba. In ta ci gaba da yi miki ciwo, ki same shi lokacin da yake cikin nishaɗi ki ce, "Baban Abba, dariyar nan taka ta rage min gwiwa, don ɗanka nake yi." Yawancinsu a nan suke saukowa. In ya sake, ki tuna masa gemu ba ya hana ilimi, ki miƙa masa katakon ki ce ya tara miki huɗu da uku.

Ga abin da za ki auna kanki da shi ba tare da kowa ya duba miki ba. Idan kin gama mako na huɗu kin shiga irin su shida da bakwai, ki tara ɗaya, biyu, uku, har goma. Ki samu 55. In ya zauna, ki zarce har ashirin, 210. Ranar da kika ji ƙarfi ki tafi har ɗari, amsar 5050 ce, kuma kafin ki kai kusan duk wani canji da ke cikin katakon nan sai ya bi ta hannunki. Karon farko ba za ki same ta ba, ni sai a zama na shida ta fito min. In kin ɓata kada ki tsaya neman inda kika kauce, ki goge ki sake daga ɗaya. Ki rubuto min ranar da ta fito, ki gaya min kuma tsakanin ke da Abba wa ya riga wani.

Allah ya yi wa sana'a albarka, ya raya zuri'a. A shafa min kan Abba.